Shinkafar Masu Katin Zinare

Mordecai ya hango motar gidan cacar Sabon Gari a ƙofar gidansa na Samaru. Kowace Kirsimeti sukan kai wa masu katin zinare, waɗanda suka fi kowa buga na'urar karta, buhun shinkafa har gida. Shi kuwa a ɓoye yake bugawa, don matarsa Lucia ta rantse in ya sake caca za ta kwashe yara ta tafi.

Ya yi maza ya sha gaban direban.

"Don Allah, Dele, juya da buhun nan kafin ta fito!"

Dele ya tuntsire da dariya.

"Oga, kai da ko katin azurfa ba ka samu ba? Na Madam ne. Ai tun bara shinkafarmu kuke ci."