Ta Goge Masa Aiki

Manhajar kwamfutar ta kowa ce, duk mai iyawa yana turo gyara, amma saurayin da ke kula da ita shi ke dubawa kafin a karɓa. Yau gyaran wata budurwa da ya daɗe da sani ne a gabansa, ita kuma tana tsaye bakin teburinsa tana murza gefen mayafi.

"Kin goge duk abin da na rubuta," ya ce, bai ɗago ba.

"Na goge. Ya yi nauyi."

Ya sake karantawa. Abin da ya ci masa shafuka, ta ƙulle shi cikin 'yan layuka, tsaf.

"Ikon Allah," ya ce ƙasa-ƙasa. Sai ya dube ta. "Yaushe zan zo gaida Baba?"

Ta sunkuyar da kai. "Karɓi gyaran tukuna, Malam."

Nan take ya danna maɓallin karɓa.