Sunan Ɗan Fari

"Inna, yaya sunan ɗan naki?" in ji tafintan ofishin biza, ta bayan gilashi.

Inna ta sunkuyar da kai. Tun daga Gangara muka taho Yamai, ni da ita, don yayana na kwance asibiti a Turai, ba wadda yake kira sai ita. Amma shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan yaron", irin alkunyar da ta gada.

Na buɗe baki, aka ce ba ni aka tambaya ba. Tafintan nan ɗan ƙasa ne fa, ya san al'adar sarai, amma a gabana ya ce wa Baturiyar da ke ba da biza wai tsohuwa ba ta sani ba. Aka turo mana fasfo ba biza.

Ranar da aka bugo waya cewa yayana ya cika, Inna ta fito tsakar gida ta kwarma sunan, ta sake kwarmawa, har maƙwabta suka firfito.

To, ga shi ta faɗa. Sai ku zo ku rubuta, marasa tsoron Allah.