Lissafin Saje Ezekiel

Saje Ezekiel ya yi shekara ashirin da biyu a soja kafin ya dawo gida Zuru, amma a zuciyarsa bai taɓa barin bariki ba. Kajin gidansa ma sun san lokacin fareti. A shekarar 2004 burinsa ɗaya ne: 'yarsa Saloma, 'yar aji shida, ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata ta gwamnati. Gurbin kaɗan ne, kuma fanshonsa ba zai kai ta makarantar kuɗi ba. Don haka kullum da yamma yakan kafa benci a gindin mangwaro ya duba littafinta.

Wata rana ya tarar da tambaya: uku bisa huɗu, a cire ɗaya bisa biyu. Saloma ta mayar da rabin nan biyu bisa huɗu, ta cire, ta sami ɗaya bisa huɗu.

Saje ya kai littafin kusa da ido, ya mayar nesa. "Ke, wagga biyu bisa huɗu daga ina ta hito? Wa ya gayyace ta?"

"Baba, Malama Maijidda ta ce sai lambobin ƙasa sun zama iri ɗaya kahin a cire."

"Ji mini shirme! A bariki hafsa da hafsa ke magana, kurtu da kurtu. Na sama ki cire daga na sama, na ƙasa daga na ƙasa. Rubuta!"

Ta rubuta. Uku a cire ɗaya, biyu. Huɗu a cire biyu, biyu. Ta kalli amsar, ta kalli uban.

"Baba, biyu bisa biyu ai guda ne cur. Mun ɗebe, kuma abu ya ƙaru?"

Gaskiya shi ma abin ya ɗaure masa kai, sai ya shiga gyaran murya. Matarsa Beatrice da ke tankaɗe a gefe ta ce, "Baban Saloma, in haka ne bari in riƙa ɗebe rabin mudu kullum, ka ga garinmu ba ya ƙarewa." Ya daka mata tsawa, ya ce lissafin boko ba na madafa ba ne.

Washegari abin ya fi muni: rabi, a cire ɗaya bisa uku. Sama ta ba da sifili. A ƙasa kuma biyu ta ƙi ba da uku. Saje ya yi gumi, ya karye fensir, can ya ba da umarni a juya su, ƙaramin ya fita daga babba. Saloma ta ce a hankali, Malama takan mayar da su uku bisa shida da biyu bisa shida, saura ɗaya bisa shida.

"Shida kuma? Nuna mini shida cikin tambayag ga!"

Ba ta iya nuna masa ba, don haka ya ce shi ya yi nasara.

Makarantar ba ta fi tafiyar minti biyar daga gidan ba. Beatrice ta roƙe shi ya je ya tambaya, ai matambayi ba ya ɓata. Ya ce, "Ni da na je Laberiya na dawo da raina, in tahi in tambayi yarinyar da aka haifa ina kofur?"

Saloma ta rasa inda za ta sa kanta. Da safe Malama ta soke lissafin Baba da jan biro, da yamma Baba ya soke na Malama da baƙi. Daga baya ta buɗe littafi biyu, ɗaya na gida, ɗaya na makaranta, har ita kanta ta daina sanin wanne ne na gaskiya. Ranar jarrabawa Saje ya raka ta bakin ƙofa ya ce, "Yadda na koya miki. Oda ce."

Da sakamako ya fito, maki huɗu ne suka hana ta gurbin.

Saje ya ɗaure tsohon takalminsa na soja ya nufi makaranta da niyyar faɗa. Malama Maijidda ta gaishe shi da ladabi, ta ba shi kujera. Da ta ji ƙorafinsa kan lissafin, sai ta yaga takarda gida huɗu daidai, ta miƙa masa uku.

"Baba Saje, rabin takardar nan yanki nawa ne?"

"Biyu mana."

"To ba ni biyun. Nawa ya rage hannunka?"

Ya kalli ɗan yanki ɗayan da ke tafinsa. Ya daɗe yana kallo. Abin da ya hana shi sukuni wata uku, an warware shi kafin kujerar ta yi ɗumi. Kunya ta kama shi, ya tashi ko sallama bai iya yi ba.

A gida ya sami Saloma tana wanke-wanke. Ya tambaye ta, da muryar da ba ta san shi da ita ba, ko irin lissafin nan ya fito a jarrabawar.

"Guda shida, Baba."

"Wanne kika yi?"

"Na Malama na fara zaɓa, duka shidan. Sai na ga taka amsar ma tana cikin zaɓin. Na ce Babana ba ya yi mini ƙarya, na goge na Malama, na zaɓi taka."

Mai karatu, rashin sani ba abin kunya ba ne, ƙin tambaya shi ne ciwon. In ɗanka ya zo da abin da ya shige maka duhu, taka ka je wurin wanda ya sani, kada yardar da ya yi da kai ta zama abin da zai kayar da shi.