Inda Jinga Ta Karkace

"Bulama, jama'a sun ƙi," in ji Safiyanu, yana miƙa masa waya. "Kowa ya ce a bar aikin jinga. Tare ambaliya aikin gwamnati ne, ba na talaka ba."

Bulama Umara, mai garin, bai karɓi wayar ba. Ya dubi mazan ƙauyen da ke ɗura yashi a buhuna a bakin kogi, ya ce, "Wace jama'ar, ɗana?"

"Ta zaurenmu na Facebook. Dubbai ne."

Safiyanu ya koma gida ya rubuta cewa ya faɗa wa tsoho gaskiya. Aka yi ta yi masa kirari. Wani Injiniya Zaharaddeen, mazaunin Abuja, ya kira shi zakin fadama, ya ce kada ya ɗaga ko buhu ɗaya. Bai ɗaga ba. Ya zauna jiran ƙauye ya bi bayansa. Ko ƙaninsa bai bi shi ba.

Sai da kogi ya tumbatsa ya lura da yadda jingar ta tafi. Ta kewaye masallaci, ta kewaye rumbuna, ta iso gab da katangarsa, sannan ta karkace ta bar shi a waje. A ƙauyen nan, wanda bai ɗura buhu ba, ba a ɗura masa.

Yana tsaye ruwa iya ƙugu, shinkafarsa na bin kogi, ya ɗora hoto a zauren yana neman agaji.

Injiniya ne ya fara amsawa: "Allah ya kyauta. Amma wane irin malalaci ne zai ƙi fita gayyar jinga?"

Wannan karon ma, jama'a duk sun yarda.