Ɗigon Baƙin Mai a Hanyar Daji

Tunda ka ce abin da ka nema ya ƙi samuwa, zauna ka ji wani misali. An yi wani bakanike a wani gari na bakin daji, wanda gyara bai taɓa gagararsa ba sai a kan babur ɗin wani mai fataucin zuma. Tsohon babur ne, irin wanda aka daɗe da daina kawo kayansa. A gefen injinsa akwai wani ɗan makunni da bai fi kan yatsa ba, shi ke kunna koriyar fitila idan giya tana firi, wato babur ba ya cikin giya. To, ta gindin makunnin nan baƙin mai ke tsattsafowa. Bakanike ya kwance shi, ya wanke da fetur, ya tarar zoben robar da ke toshe wurin ya bushe ya tsage. Ya yanko fata ya sa, mai ya ratsa ta. Ya naɗa zare ya ɗaure, bai hana ba, ga shi yana tsoron ƙara matsewa kada makunnin ya fashe. Ya aika birni a nemo sabon zobe, aka dawo hannu Rabbana. Duk inda babur ya bi sai ya bar ɗigo, shi kuwa ji yake kamar mutuncinsa ne ke zuba a ƙasa.

Ran nan mai zuma ya shiga daji a kan babur ɗinsa bai dawo ba. Da gari ya waye aka fita nemansa, har da bakanike. Suka kai inda hanya ta rarrabu a kan fako, ƙasa mai tauri da ba ta riƙe sawun taya, kowa na nuna tasa hanyar. Bakanike ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya faɗa kan wani baƙin tabo a jikin tsakuwa. Ya dangwala, ya murza, ya shinshina. Baƙin mai ne. Can gaba ga wani, gaba da shi ga wani kuma. Ya ce, "Ku biyo ni, na san wannan man." Ɗigon nan ya yi ta jansu har bakin wani kwazazzabo da ciyawa ta rufe. A can ƙasa suka hango mai zuma, babur ya danne masa ƙafa, leɓɓansa sun tsattsage don ƙishi, murya ta ɗauke, ungulaye har sun fara shawagi a sama. Suka ciro shi da ransa.

Bayan ya warke ne aka dace da sabon zobe. Bakanike ya sa, ya ɗaure, fitila ta kawo, mai ya tsaya cak. Ya daɗe a tsugune yana cewa, "Allah Sarki! Na yi iya yina in toshe hanyar ceton bawan nan, aka hana ni."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, wani hani ga Allah baiwa ne.