Giyar Ranar Gayya

A wani ƙauyen Maguzawa an yi wata mata da ta yi suna wajen giya. In aka ce tulunan biki daga gidanta suka fito, ko mai ciwon ƙafa sai ya lallaɓa ya zo. Sai dai akwai abin da masu yabon ba sa tunawa, ita ma har ta fara mantawa, wato ba daga ƙwayar dawa take farawa ba. Wata tsohuwa ce a maƙwabta take jiƙa dawar, ta tsirar da ita, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta tace, sannan ta aiko mata da ruwan zaƙi cikin tulu. Nata aikin bai wuce ta ƙara tafasa shi ba, in ya huce ta zuba masa ragowar tsohuwar giya, ya kwana yana kumfa. Gari na wayewa sai a ce hannunta da albarka, ita kuwa ta gyara ɗaurin zane ta amsa ba ko kunya.

Wata damina mijinta ya kwanta da kurkunu, ciyawa kuma ta tashi haiƙan za ta shaƙe musu gona. Ba makawa sai an kira gayya, gayya kuwa a wurinsu ba ta yiwuwa sai da giya, don in babu ita kowa kunya ɗaya zai nome ya tuna yana da uzuri a gida. Matar ta sa rana, ta aika wa tsohuwa, sai aka dawo mata da cewa bayan tsohuwar ya riƙe, ko tashi ba ta yi sai an kama ta. Matar ta taɓe baki ta ce a ranta, to mene ne a ciki in ban da dawa da ruwa? Ta ɗebo dawa daga rumbu ta jiƙa, ta baza ta rufe da ganye. Daga nan ta fara gane kurenta. Kullum tana yayyafi tana juyawa, tana faɗa da kaji da awaki. Da tsiro ya fito sai shanya, hadari na haɗowa ta kwashe da gudu, rana na buɗewa ta sake bazawa. Ta durƙusa a dutsen niƙa har tafin hannunta ya yi kanta, ga ɗebo ruwa daga rafi, ga ɗanyen itace mai hayaƙi. Da ta dama garin ya kwanta, sai ta ga wani ruwa tsararo ya taso a sama. Ta ce wannan tsinka giya kawai zai yi, ta tsiyaye shi a ƙasa, ta dafa mai kaurin. Abin da ya fito wani kunu ne salam, ba zaƙi ba ƙamshi, ko akuya ta shinshina ta wuce.

Ta zauna gaban tukunya ta yi kuka, don ranar gayya ta matso, garin tsiron da ya rage kuma na dahuwa ɗaya ne tak. Da ta share hawaye sai ta ajiye girman kai ta tafi gidan tsohuwa, ta durƙusa ta faɗi abin da ta yi. Tsohuwa ta yi dariya har bayan ya amsa, sannan ta ce, "'Yar nan, ai ruwan da kika zubar shi ke kawo zaƙin. Kwashe shi ake yi a ajiye, a dafa na ƙasa, in ya sha iska a mayar masa." Matar ba ta yarda da kunnenta kaɗai ba. Ta goya tsohuwa a baya kamar jaririya, ta kawo ta gida ta zaunar a inuwa kusa da murhu. Tsohuwa na tsoma yatsa tana cewa a dakata, ta sake tsomawa ta ce a zuba. Kafin la'asar matar ta ɗanɗana, ta ji zaƙin nan da ta saba karɓa a tulu shekara da shekaru ba ta taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba.

Ranar gayya maza suka cika gona, ƙamshin giya na bin su daga gindin ɗorawa, kafin rana ta karkata ciyawa ta kwanta kaf. Al'adarsu ita ce ƙwaryar farko ta shugaban gayya ce, har ya miƙo hannu yana yabon mai giya kamar kullum. Matar ta cika ƙwarya, ta ba shi haƙuri ta wuce shi, ta je inda aka jingine tsohuwa ta durƙusa da gwiwa biyu. Ta ce, "Iya, duk giyar da aka taɓa yaba mini, bayanki ne ya biya ta, ni ban sani ba sai da nawa ya gaya mini. Na gode." Tsohuwa ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu, ta daɗe ba ta kai ta baki ba.

To ka ji. In ka samu abu a gyare, kada ka ɗauka sauƙi gare shi, wani ne ya sha wuyarsa kafin ya iso hannunka, kuma gara ka neme shi ka gode masa tun yana iya ji. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.