Bayan Daudu Masinja

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, aka ajiye wata kujera a ƙofar ofis a Batsari. Aka ce ta masinjan da bayansa ya gaza ce. Aikinsa ya zauna a inuwa yana cewa "shiga" da "jira", ya huta da kai takardu Safana a ƙafa.

Masinjojin biyu ne. Akwai Gambo, wanda bayansa ya lalace da gaske, sai Daudu, wanda ko mura ba ta san ƙofar gidansa ba. Amma shekara goma sha ɗaya yana taka hanyar Safana, rani da damina, ya tsane ta har cikin ransa. Ya rantse shi da kujerar nan sai mutuwa.

Matsalar ita ce Malam Armaya'u, tsohon malamin asibitin da aka ɗora wa duba su. Mutumin nan ba ya tambaya, ba ya latsa baya. Cewa yake ka taka daga gindin itacen bedi zuwa rijiya ka dawo. Mai jan yatsun ƙafa, jijiya ce ta danne. Mai sunkuyawa kamar yana tura baro, ƙashi ne ya matse. Maƙaryaci kuwa, wajen juyowa yake manta ƙafar da ke ciwo.

Daudu ya ga ƙirƙira ba za ta fisshe shi ba, sai koyo. Gambo ya gane nufinsa, ba ya ko tashi tsaye in Daudu yana wurin. To amma masu ciwon baya ba su ƙare a garin ba. Sati uku Daudu yana bin sawu, yana haddace yadda ake tashi daga tabarma, yadda ake dafe ƙugu, da inda ake tsayawa a yi nishi. Sau biyu ana jifansa da ludayi. Ko a jikinsa.

Ranar gwaji Gambo ya fara, ya ja ƙafarsa ya je ya dawo, ba wani armashi. Sai Daudu. Kai, ka ga tafiya! Kafaɗu a baya, ƙafafu a buɗe, hannu a ƙugu, yana rangaji dama da hagu, har masu tallar fura suka shiga yi masa sannu. Wajen juyowa ma bai kuskure ba.

Malam Armaya'u ya ce ya maimaita. Ya sake cewa ya maimaita. Sannan ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gyaɗa kai. Daɗi ya kama Daudu, har ya fara jin sanyin inuwar a wuyansa.

"Kujera ta Gambo ce," in ji tsohon. "Kai kuma gobe in ka dawo daga Safana, ka kawo mini Indo matarka in duba ta. Wannan tafiyar da ka ɗauko a wurinta ba ta cikin ɗa ɗaya ba ce, tagwaye ne."